Wa Ke Cin Kuɗin Wayar Yaya?

A gidan yayata, can cikin Kurna a Kano, kuɗin waya yana da gurbinsa a lissafin wata, kusa da kuɗin wuta da na 'yan garuwa. Maigidan, wanda muke kira Malam, lissafi yake koyarwa a makarantar sakandare, kuma mutum ne mai rubuta kome. An daɗe abin da yake ware wa wayar Yaya bai wuce naira 5,000 ba: 3,000 data, 2,000 kati. A daminar 2025 ya zauna ya haɗa abin da ya bayar da hannunsa da abin da ita ta ciro daga ribar man gyaɗa da manja da take sayarwa a cikin gida, sai ya tarar wayar nan ta ci naira 22,000 a wata guda. A lokacin, mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne. Ke nan waya ɗaya ta lashe kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da ƙaramin ma'aikaci ke riƙe iyali da shi.

Amsar da kowa ya fara kawowa ita ce tsada. Gaskiya ne, a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, har saƙon tes na naira 4 ya koma naira 6. Amma Malam ya ce in ka ɗora rabin 5,000 a kan 5,000, abin da za ka samu 7,500 ne. To, sauran 14,500 ta wace ƙofa suka fita?

Da lissafi ya ƙi fita, sai ido ya koma kan mutane. Babban ɗansu yana karatu a Zariya, sai hutu yake zuwa. Ƙananan biyun ba su san yadda ake sayen data ba. Iya, mahaifiyar Malam, idonta ya yi yana, ko kira za ta yi sai an danna mata lamba. Saura mutum ɗaya: 'yar ƙanin Malam, marainiya, wadda aka ɗauko riƙo tana 'yar shekara tara, yanzu tana aji biyu na babbar sakandare. Ba ta da wayar kanta. Ita ake aika ta ɗauko wayar Yaya, ita ke sa ta caji, ita ke karanta mata saƙon Turanci. Ba wanda ya buɗe baki ya ce ita ce, amma gaisuwarta ta safe ta fara samun amsa a taƙaice.

Irin wannan zargi ya yawaita a gidajenmu tun da kuɗi ya daina bi ta hannu. Lokacin da salula ta shigo Najeriya a 2001, kati takarda ne. Ka ba yaro kuɗi, ya je wajen mai lema ya karɓo, ka kankare da farce ka loda. In kuɗin ya salwanta, an san hannun da ya riƙe shi. Yanzu kuɗi na fita daga asusun banki ya shiga layi, daga layi ya watsu wurare da dama, ba wanda ya taɓa shi. Amma har yanzu in abu ya ɓata, hannu muke nema, kuma hannun da ake fara kamawa na wanda ba shi da mai tsaya masa ne.

Yaya ta kira ni saboda na taɓa zama a shagon wani abokina a kasuwar waya ta Farm Centre.

"Auta, zo ka duba min wayar nan," in ji ta. "Ko dai ta lalace ne, ko kuma akwai mai yi min ta'adi."

Na roƙe ta abu ɗaya, kada a yi wa yarinyar magana tukuna, don zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Sannan na ce ta buɗe shafi a bayan littafin da take rubuta bashin masu mai. Da safe, da azahar, da lokacin kwanciya, ta danna *310# ta rubuta ragowar kati, ta danna *323# ta rubuta ragowar data. Tun 2023 lambobin nan iri ɗaya ne a kowane layi, don haka ba wuyar riƙewa. Yaya ba ta karanta Turanci sosai, amma lamba ba ta taɓa ruɗa ta ba.

Bayan mako biyu muka zauna ni da ita da Malam a kan littafin. Abin da ya fara bayyana shi ne ƙofar ba ɗaya ba ce. Kati da rana yake tafiya, kaɗan-kaɗan. Data kuwa da dare take tafiya, kuma in ta tashi tafiya gaba ɗaya take yi. Muka ajiye data gefe, muka fara da kati.

Akwai ranar da ta loda 1,000, amma 500 ne suka zauna. Na tambaye ta. Ta ɗan yi jim, sannan ta ce ai takan ranta in kati ya yanke mata tana tsakiyar ciniki. Rancen *303# ne. Ka ranci 500, a ba ka 425. An zare 75, wato kashi 15 cikin 100, tun kafin ka yi kira ɗaya, sannan duk ranar da ka loda a fara cire 500 cif. Bashin kwana biyu ko uku ne fa ake biya wa wannan lada. Ta ce takan yi kamar sau goma a wata, wato 750 ke nan. Malam ya rubuta, bai ɗago kai ba. Amma rance ba shi ne ciwon ba, alama ce kawai. Tambayar ita ce me ke ƙarar da katin har ta kai ga ranta.

Littafin ya ba da amsa ta biyu ba tare da wahala ba. Tsakanin lambar dare da ta safe, kullum naira 50 babu. Ko ta yi kira jiya ko ba ta yi ba, 50 ɗin nan sai ta tafi. Ran Alhamis kuma 150 ce ke tafiya. Na buɗe akwatin saƙonni, na tarar da ɗaruruwan saƙon Turanci da ba a taɓa buɗewa ba, daga gajerun lambobi. Ɗaya na aiko da shawarar kiwon lafiya kowace safiya a kan naira 50. Ɗayan gasar kacici-kacici ce ta mako-mako a kan naira 100. Dukansu suna sabunta kansu muddin akwai kuɗi a layin.

Yaya ta rantse ba ta taɓa neman ko ɗaya ba, kuma na yarda. Yadda ake faɗawa ciki ba ya buƙatar niyya. Wani lokaci ɗan akwati ne ke faɗowa a fuskar waya, ka danna don ya kauce maka, ashe amincewa ka yi. Wani lokaci kira ne, murya ta ce danna ɗaya. Ƙananan yaran nan kuwa da yamma sukan karɓi wayar su yi wasa, duk abin da ya fito dannawa suke. Muka bi ta *305# muka soke rajistar biyun, sannan muka tura kalmar STOP zuwa 2442, lambar da NCC ta tanada tun 2016 don toshe saƙonnin talla. Na gaya wa Malam in yana son bin kadi ya kira 300 ya kai wa kamfanin ƙorafi, in bai gamsu ba ya kira 622, layin hukumar na kyauta. A wata, abubuwan nan biyu sun kai 1,900. A duk binciken ba abin da ya sosa mini rai kamar wannan. Mace ce mai auna mai da ƙaramar kwalba, ribarta a kan kowane awo ba ta taka kara ta karya ba, ana karɓar kuɗinta kowace asuba a kan saƙon da ba ta nema ba, cikin harshen da ba ta karantawa.

Na uku Malam ne ya gano shi, kuma sai mai ido irin nasa. Ya ware lokutan da tarihin kira ya nuna ba ta kira kowa ba tsakanin safe da azahar, ya fitar da bambancin. Wata rana 20.94. Wata rana 34.90. Wata rana 41.88. Ya zuba musu ido, ya ja biro, ya ce duk 'ya'yan lamba ɗaya ne: 6.98 sau uku, sau biyar, sau shida.

"Me ake saye a naira 6 da kwabo 98?" ya tambaye ni.

Na san lambar. Kuɗin shiga banki ne ta hanyar kod, irin wanda ake dannawa da tauraro ba sai da data ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 cinikin Yaya ya koma tiransifa, har man naira 300 turowa ake yi. An taɓa yi mata alat na bogi aka tafi da galan guda, daga ranar ba ta ƙara yarda da saƙon tes ba. Duk wanda ya ce ya tura, sai ta danna kod ɗin bankinta ta ga balas da idonta kafin ta miƙa kaya. Cajin 6.98 ɗin ba sabo ba ne, tun 2021 yake. Amma a da daga asusun banki ake cire shi, ya ɓace cikin sauran 'yan caje-caje. Daga watan Yunin 2025 aka mayar da shi kan katin waya, a kan kowace shiga ta daƙiƙa 120. Ana tambayar mutum ya amince kafin a cire, amma da Turanci ake tambayar, ita kuwa ta riƙe jerin lambobin da take dannawa ne kawai. Sau goma sha biyu a rana ya kusa naira 84, a wata wajen 2,500.

Ban ga laifinta ba, kuma ban ce ta daina dubawa ba. Wanda aka taɓa cuta da alat na bogi yana da hujjar tsoro. Abin da muka yi shi ne sa mata manhajar bankin, inda kuɗin da ya shigo ke fitowa da sunan wanda ya turo, da data ƙalilan.

Malam ya haɗa: 750 da 1,900 da 2,500, ya tashi 5,150. Ya cire daga 14,500, saura 9,350, kuma duk a data suke. Ya zuwa nan ba abu ɗaya da ya taɓa yarinyar, na kuma faɗi haka da babbar murya don a ji.

A cikin saitin kowace wayar Android akwai shafin da ke jera manhajoji da abin da kowace ta sha. Mutane da yawa ba su san da shi ba. Na buɗe. WhatsApp ce ta biyu a jerin, da wajen gig biyu. Yaya tana guruf ɗin dangi, da na Islamiyya, da na adashi, da na matan unguwa, kuma kowane bidiyon biki ko wa'azi da aka tura sauka yake da kansa, ta kalla ko ba ta kalla ba. Na kashe wannan. Na kuma lura tun da data ta fara yanke mata a tsakiyar wata ta koma sayen ƙananan ƙunshi na kwana ɗaya ko na mako. Wannan ma ya ƙara wa lissafin nauyi.

Amma abin da ke saman jerin ba manhaja ba ce. Hosfot ne, wato hanyar da waya ke raba intanet ɗinta ga wata na'ura da ke kusa. Ya sha wajen gig 15 a wata, fiye da duk sauran in an haɗa. Yaya ta ce ita ko sunan ba ta taɓa ji ba.

Nan fa magana ta canza launi. Hosfot ba ya kunna kansa, kuma ba ya shan data sai akwai na'urar da ke ja. Muka duba wayar Malam, ba ta ma san sunan hosfot ɗin ba. Muka yi tunanin samarin maƙwabta, amma ko sun san lambar sirri, sai wani a cikin gida ya kunna musu. Yaya ta sauke murya ta faɗi abin da ya daɗe yana cin ta.

"Auta, kar dai wani ne ya saya mata waya a ɓoye."

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san nauyin wannan magana. Ta wuce batun data. Budurwa, marainiya, a hannun riƙo, a ce tana da wayar ɓoye tana hira da tsakar dare: magana ce da in ta fita ƙofar gida ba ta dawowa, kuma tana iya bin yarinya har ɗakin aurenta. Yaya ba muguwa ba ce. Tsoro ne ya kama ta, kada amanar da aka ba ta ta lalace a hannunta. Daga baya ta gaya mini ta riga ta buɗe akwatin yarinyar tana makaranta, ba ta sami kome ba sai littattafai da kayan sallah. Yarinyar ta dawo ta ga an taɓa mata kaya, ba ta ce uffan ba, sai dai ta rage cin abinci.

Na kunna hosfot ɗin a gabansu da rana tsaka, ba wuta, muka jira. In akwai wayar da ta san shi a cikin gidan kuma a kunne take, da kanta za ta kama. Ba abin da ya kama. Wannan bai wanke kowa ba, don wayar ɓoye a kashe ake ajiye ta. Sai na koma kan littafin.

Cikin dararen da aka rubuta, biyar ne data ta zube, kowane dare gig ɗaya da rabi zuwa biyu. Sauran dararen ko motsi ba ta yi ba. Na nemi tsari a cikin ranakun ban samu ba: akwai Litinin, akwai Juma'a, akwai Asabar. Ina karanto kwanakin, sai Yaya ta ce, "Ran Talatar nan ai ba a kawo wuta ba, da gawayi aka goge kayan makaranta." Na ce ta tuno mini sauran. Mace mai yara 'yan makaranta ba ta manta daren da aka kawo wuta. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi duk daren da data ta zube akwai wuta, duk daren da ta tsira babu.

Malam ya ce wannan ba hujja ba ce tukuna. In ba wuta, wayar Yaya kan mutu kafin tsakar dare, wayar da ta mutu kuwa ba ta raba wa kowa kome. Maganarsa gaskiya ce. Amma Yaya ta tuna dare biyu da ba wuta alhali wayar cike take, domin an kai ta wajen mai caji da yamma. A dararen nan biyu ma data ba ta motsa ba.

Wayar ɓoye tana da batirinta, ba ruwanta da an kawo wuta ko ba a kawo ba. Mai hira da saurayi ma daren duhu ya fi yi mata daidai. Abin da muke nema na'ura ce mai kama intanet, wadda ba ta da batir, wadda kuma ke kusa da inda wayar Yaya ke kwana. Wayar kuwa a falo take kwana, jikin soket ɗin da ke ƙarƙashin talabijin.

Talabijin ɗin ta hannu ce, irin mai shiga intanet, Malam ya saya da bashin ƙungiyar malamai. Da dish na kyauta suke kallo, har farkon damina da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona dikodar. Malam ya auna kuɗin makaranta da kuɗin dikoda, ya ce kallo ya jira. Tun daga lokacin, a saninsa, talabijin ɗin a rufe take da mayafi.

Bayan isha'i aka kawo wuta. Na kunna hosfot, Malam ya yaye mayafin ya kunna talabijin. Ba a yi minti ɗaya ba wayar ta nuna na'ura ɗaya ta kama, da wasu haruffa da lambobi. Na haska bayan talabijin ɗin, su ne a jikin takardar da ke manne. Na shiga YouTube na buɗe tarihin abin da aka kalla. Ba fim, ba waƙa, ba ƙwallo. Tun daga sama har ƙasa abu ɗaya ne: tashar da ke nuna Masallacin Harami kai tsaye daga Makka. A babban allo hoton yana zuwa da kauri, awa guda na iya shan gig ɗaya ko fiye. In an kashe talabijin kuma, wayar kan kashe hosfot da kanta bayan ɗan lokaci, shi ya sa da safe ba a ganin alamar kome.

Malam ya kira yarinyar. Sunan Iya gare ta, don haka ba ya kiran sunanta. Ta shigo ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ga abin da ke kan allo, ta sunkuyar da kai.

"Mamana, ke kike kunna wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Wa kike kunna wa?"

Ta daɗe kafin ta ce, "Iya ce."

Da babbar sallah, da yayansu ya zo hutu daga Zariya, Iya ta yi masa ƙorafin cewa tun da dikoda ta ƙone ba ta ƙara ganin Ka'aba ba. Shi ne ya haɗa talabijin da wayar mahaifiyarsa, ya nuna wa yarinyar alamar da za ta taɓa, ya koma makaranta bai gaya wa kowa ba. Yarinyar a ɗakin Iya take kwana. Iya kuwa ba ta da nauyin barci, da ta ji fanka ta fara juyawa ta san an kawo wuta. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, don haka wajen ƙarfe uku na dare a Kano ake sallar asuba a Makka. Sai ta taɓa ta, "Takwara, tashi an kawo wuta, kunna min Makka." Yarinyar ta kama hannunta su fito falo, ta rage murya don kada a tashi mutanen gida, ta jawo mata kujera dab da allo saboda idon. Iya ta zauna da carbinta tana kallon masu ɗawafi har a kira assalatu a masallacin unguwa.

Yaya ta ce, "To da kika ji ina ta faɗan data, me ya hana ki gaya min?"

"Da farko ban san shi ke cinyewa ba, Umma. Da na gane, sai na ga in na faɗa za a hana Iya. In kuma ta tashe ni na ce ba zan kunna ba, ban san me zan ce mata ba."

Ta san ana zarginta. Ta san an buɗe akwatinta, kuma ba yarinya ba ce da za ta kasa gane abin da ake nema a ciki. Kalma biyu za ta faɗa ta wanke kanta, amma ta ga kalmomin za su sa tsohuwa ta ji kunya a gidan ɗanta, sai ta haɗiye. Ni ban san manya da yawa da za su iya wannan ba.

Iya ba ta taɓa zuwa hajji ba. Kujerar 2025 daga Arewa ta haura naira miliyan 8, kuma Malam ya san albashinsa. A wurinta talabijin yadda ta san ta take: in akwai wuta akwai kallo, ba a biyan kome. Malam ya ce kada wanda ya gaya mata nawa abin ya ci, kuma kada wanda ya nuna mata an yi magana. Washegari ya fita da sassafe ya sayo dikoda, ya zo da mai saita dish. Tashar Harami kyauta take a tauraron ɗan'adam dare da rana, ba ta buƙatar ko ɗigon data. Kuɗin dikodar da na mai saitin bai kai abin da data ta ci a wata biyu ba. Na goge sunan hosfot ɗin daga talabijin, na canza lambar sirri. Da Iya ta tambayi me ake ta ƙwanƙwasawa a kan rufi, Malam ya ce mata, "Iya, Makka ake gyara miki, yanzu ko da rana kina iya gani."

Abin da ya rage tsakanin Yaya da yarinyar ne. A al'adarmu babba bai cika ba ƙarami haƙuri da baki ba, sai dai ya sayi atamfa ko ya ƙara nama a kwano, a bar maganar ta mutu. Yaya ba ta yi haka ba. Ta kira ta a gabana da gaban Malam, ta ce, "Na zarge ki, na buɗe miki akwati. Ki yafe min don Allah." Yarinyar ta fashe da kuka, irin wanda aka daɗe ana dannewa. Sannan Yaya ta miƙa mata littafin ta ce daga yau lissafin wayar a hannunta yake.

A watan da ya biyo baya ƙunshin data ɗaya na wata aka saya, ya kai har ƙarshe, ba a ranci kati ko sau ɗaya ba, kuma jimillar ba ta kai naira 8,000 ba. Yaya ta ba da labarin rajistar naira hamsin-hamsin ɗin nan a Islamiyya, ba ta ambaci sauran ba. Tun daga ranar matan layin suka fara turo yara da wayoyinsu bayan la'asar, yarinyar na duba musu akwatin saƙo tana soke abin da ba su nema ba. Wayar farko da aka kawo ta mai kitson bayan gidansu ce, rajista uku aka samu a layinta.